Ɗana Haifaffen Disamba Ne, Koci Ya Ce Ba Shi da Jiki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗa mai shekara 12 wanda aka haifa a ƙarshen watan Disamba. Shekara uku ke nan yana zuwa atisaye a wata makarantar koyon ƙwallo, kuma duk wanda ya ga ƙwallo a ƙafarsa sai ya yaba. Amma da aka zo zaɓen 'yan ƙasa da shekara 13 da za su je gasa, koci ya ajiye shi, ya ce ba shi da jiki. Wani abokina ya ce in sake masa takardar haihuwa ta koma Janairun shekarar da ke biye, tunda kwanaki kaɗan ne a tsakani. Yaron ya rataye takalminsa a bayan ƙofa, mako biyu bai taɓa shi ba. Mene ne abin yi? Daga wani uba a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, abin da ya sami ɗanka ya daɗe da samun dubban yara a ƙasashe da dama, kuma tushensa yana cikin yadda ake kasa yara rukuni-rukuni. Dole a tsayar da rana guda da za a fara lissafin shekara daga gare ta, kuma a gasannin matasa na FIFA wannan rana ita ce 1 ga Janairu. Saboda haka yaron da aka haifa a farkon Janairu da ɗanka na ƙarshen Disamba sa'o'in juna ne a takarda, alhali ɗaya ya girmi ɗaya da kusan shekara guda cur. Ga babban mutum wannan ba komai ba ne, amma ga ɗan shekara 12 ko 13, lokacin da yaro ke fara miƙewa har yakan ƙara tsawon santimita 8 zuwa 10 a shekara, ratar tana bayyana a kafaɗa, a tsawon taku, da kuma wanda zai tsaya da ƙafarsa idan aka yi karo.

Kocin da ke neman kofi a wannan wata zai ɗauki mai jiki, domin shi ne zai ci masa wasa. Daga nan sai abin ya riƙa ciyar da kansa: wanda aka zaɓa ya sami atisaye mai kyau da manyan wasanni da ƙwarin gwiwa, bayan shekara biyu kuma ya fi wanda aka bari da gaske, sai koci ya ce ai dama ya hango. Masana sun fara lura da wannan ne a wasan hoki na kan ƙanƙara a Kanada cikin shekarun 1980. Hujja mafi ƙarfi a wurina ita ce ta Beljiyam, inda a 1997 aka mayar da ranar lissafi daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Janairu, cikin ɗan lokaci sai rinjaye a zaɓen matasa ya tashi daga haifaffun Agusta zuwa Oktoba ya koma kan haifaffun farkon shekara. A Ingila, inda ake lissafi daga 1 ga Satumba bisa shekarar makaranta, yaran Yuli da Agusta ne ke shan wannan wahala. Harry Kane haifaffen 28 ga Yuli ne, kuma Arsenal ta sallame shi yana ƙaramin yaro. Amurka ta koma lissafin Janairu a 2016, abin da kawai ya sauya shi ne waɗanda ke ƙarshen layi.

Game da shawarar abokinka kuwa, ina roƙonka kada ka karɓe ta. Da farko ƙarya ce da za ka ɗora wa yaro ya riƙa maimaitawa a makaranta, a fasfo, a duk inda ya je. Sannan wannan ɗabi'a ta rage shekaru, wadda ake kira shekarun ƙwallo, ita ce ke ƙara danne yara irin ɗanka a nan gida, domin ba da ɗan Janairu kaɗai yake gogayya ba, har da mai shekara 15 da aka rubuta masa 12. A 2009 FIFA ta fara amfani da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI wajen duba ƙashin wuyan hannu don gano masu rage shekaru a gasar 'yan ƙasa da shekara 17, kuma a 2016 'yan wasa 26 na Golden Eaglets, ƙungiyar Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17, suka faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Nijar.

Ka ba ɗanka labarin Victor Osimhen. An haife shi ranar 29 ga Disamba 1998, ya je gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Chile a 2015, wadda aka buɗe wa waɗanda aka haifa ranar 1 ga Janairu 1998 ko bayanta, ya ci ƙwallo 10, Najeriya ta ɗauko kofinta na biyar. Ba kowane ɗan Disamba ne zai kai can ba, sai dai ƙaramin yaron da ya jure yakan koyi saurin sakin ƙwallo da kallon fili, tunda ba shi da ƙarfin da zai dogara da shi. A Ingila ma tun 2015 ƙungiyoyin Firimiya suka fara gwada haɗa yara wasa bisa matakin girman jikinsu, ba watan haihuwa ba.

Ka je wurin kocin cikin girmamawa, ka tambaye shi abin da ya rage wa yaron ban da jiki, ka kuma nemi ya ci gaba da atisaye da rukuninsa. Idan babu damar buga wasa a can, ka sama masa ƙungiyar unguwa da zai riƙa bugawa kowane mako, ka lura da abincinsa da barcinsa, sannan ka sauko masa da takalmin nan da hannunka, ka raka shi fili ranar Asabar.