Shin Kowace Bakteriya Ƙwayar Cuta Ce?

Wani ɗalibin kimiyyar halittu ya rubuto daga Zariya: "Malam, an ba ni fassarar wani bayani kan sabuwar bakteriya da aka samo a ruwan teku. Na rubuta 'ƙwayar cuta', abokina ya ce na yi kuskure. Wa ke da gaskiya?"

Abokinka, ɗana. Ita ƙwaya ba ta da laifi. Kalma ce da Bahaushe ke ba ƙaramin abu guda da za a iya warewa: ƙwayar gero, ƙwayar ido, ƙwayar magani, har a kasuwa ka ce a ba ka lemo ƙwaya uku. Rigimar tana wajen "cuta". Mu a bakin likita da dubagari muka fara jin labarin waɗannan halittu, shi ya sa sunan ya zo mana goye da ciwo. Amma a mililita 1 na ruwan teku ana samun bakteriya wajen miliyan guda, kuma akasarinsu babu ruwansu da jikin ɗan Adam. Akwai wata, Prochlorococcus, da Sallie Chisholm da abokan aikinta suka bayyana a 1988. Hasken rana take sarrafawa kamar ganye, tana fitar da iskar da muke shaƙa. Ka kira wannan ƙwayar cuta, ai ka yi mata ƙazafi. Irin su Vibrio cholerae mai kawo kwalara, wadda ita ma takan zauna a ruwan gaɓar teku, su suka ci sunan.

Ka rubuta "bakteriya" kawai. Aro ba abin kunya ba ne, Turawan ma daga Girkanci suka ɗauko, inda kalmar ke nufin 'yar sanda. Ta dogarawa nake nufi, ba mai kaki ba.

Wata malamar makaranta kuma daga Maraɗi ta ce: "Ina son bayanin karin maganar nan, 'kama da wane ba ta wane'. Sannan tsakanin iri, jinsi da dangi, wanne zan koya wa ɗalibai wajen rarraba halittu?"

Malama, kin haɗa tambaya biyu da ke cin tuwo a akushi ɗaya. "Wane" a nan ba na tambaya ba ne, na sakaya suna ne, wanda macensa ita ce "wance". Manufa: kamanni ba ya mayar da mutum ya zama wanda ya yi kama da shi. Masu nazarin bakteriya sun sha wuya kafin su gane haka. Tun da Antonie van Leeuwenhoek ya hango bakteriya da madubinsa mai ƙara girman abu a garin Delft na ƙasar Holan a 1676, an daɗe ana rarraba su da siffa: wannan doguwa, wannan zagayayyiya, wannan murɗaɗɗiya. Sai aka ga biyu na iya yin kama kamar an tsaga kara, alhali ba su haɗa kaka na kusa ba. Daga 1977 Carl Woese ya juya akalar zuwa binciken gado, ta hanyar wani sashe da ake kira 16S a cikin kundin gado, wato bayanan da halitta ke gada daga iyayenta. Yau idan an ɗebo ruwan teku, aka rena bakteriya ita kaɗai a faranti, sai a gwada wannan sashe da na waɗanda aka sani. In dacewar ta gaza kashi 98.7 cikin 100, ana kyautata zaton sabuwa ce, sai a bi da gwajin kundin gadon gaba ɗaya, inda iyakar take wajen kashi 95 zuwa 96.

Game da kalmomin, jinsi da nau'i daga Larabci suka shigo, iri da dangi kuwa 'yan gida ne. Ni dai na fi son a ce "dangi" ga babban gida, "jinsi" ga ɗaki guda a cikinsa, a bar "iri" ga bambancin da ke cikin jinsi ɗaya, kamar yadda manomi ke cewa irin gero kaza. Wasu malaman sun saɓa mini, kuma ba a rufe maganar ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne raɗin sunan. Mu kwana bakwai muke jira da rago. Su masu nazarin bakteriya kuwa sai an ajiye samfurin sabuwar halittar da ranta a ma'ajiya biyu a ƙasashe biyu daban, sannan a wallafa. Wadda ba ta cika sharaɗi ba sai a maƙala mata Candidatus, tamkar jaririn da ba a yanka wa rago ba. Sunan kuwa biyu ne, bisa tsarin Carl Linnaeus na 1753, amma na gida ke gaba, na mai shi a baya, saɓanin namu. Dubi Thiomargarita namibiensis, da aka gano a laka ta gaɓar Namibiya a 1997, mai girman da ido ke gani: sunan na nufin lu'ulu'un farar wuta na Namibiya. Wannan "-ensis" na ƙarshe aikin "Ba-" ɗinmu yake yi a Bakano da Bakatsine. Da Bahaushe ya raɗa mata, Banamibiya zai ce.