Amsa ga ɗan'uwan da ɓeraye suka shige wa mota

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka. Ka ce kwana uku a jere kana tarar da kashin ɓera a kan kujera, in ka kunna fanka sai wani wari ya taso, kuma kana neman shawara ko ka zuba maganin ɓera a cikin motar. Don Allah kada ka zuba. Ni na taɓa zubawa, abin da ya biyo baya ya fi ɓeran kansa wahalar da ni, shi ya sa na zauna in rubuta maka da tsawo.

Motata ta yi wata biyu a ajiye lokacin da na yi wata tafiya. Da na dawo na ga alamu irin naka, sai na ajiye magani a ƙarƙashin kujera. Yawancin magungunan nan masu tsinka jini ne, ba sa kashewa nan take, sai bayan kwana 3 zuwa 7. Ɓeran zai ci, ya ji jikinsa ya mutu, ya nemi lungun da ya fi kowanne ɓuya ya kwanta. Nawa a bayan dashbod ya mutu, kusa da fankar AC. Ranar da rana ta buga motar, ko minti ɗaya ba a iya zama a ciki. Sai da makanike ya yini yana kwance dashbod kafin a ciro shi, warin kuma ya yi makonni bai fita daga kujeru ba. Ga haɗarin yaro ya tsinci maganin, ko kyanwa ta ci mushen ita ma ta tafi.

Ka fara gane abin da ya kawo shi. Mota tana ba shi ɗumin inji bayan an kashe ta, da duhu, da soso da takardar da zai yi sheƙa, da burbushin abincin da ya faɗa tsakanin kujeru. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wayoyin da yake ci kuwa ba yunwa ba ce. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro har ya mutu, dole ya yi ta gwaguyar abu don su rage, robar waya da tiyo kuma sun yi masa daidai. Ƙaramin ɓera yana ratsa kafar da ba ta wuce milimita 6 ba, wato kaurin fensir, babba kuma milimita 12 ta ishe shi. Rufe gilashi da ƙofa ba ya hana shi komai, ta taya yake hawowa. Kuma kada ka yi jinkiri: cikin ƙaramin ɓera kwana 19 zuwa 21 ne, 'ya'yan kuma kafin wata biyu su ma sun fara haihuwa.

Warin da kake ji daga fanka ya sa nake kyautata zaton sheƙar tana kan filtar AC. A yawancin motoci tana bayan ƙaramin akwatin da ke gaban kujerar mai zaman banza. Ka sauke akwatin, za ka ga murfi mai tsawo, ka zaro filtar a hankali. Tawa da na zaro, saman ta cike yake da yagaggen tishu da soson kujera da zaren tabarmar ƙafa, an murɗe su kamar ƙwallo, tsakiyar ta lotsa inda yake kwanciya, ga baƙin kashi ƙanana a kowane ninki na takardar. Ta ƙofar iskar da ke gindin gilashin gaba, ƙarƙashin robar da wayifa ke zaune, ta nan yake shigowa. Bayan nan ka duba akwatin filtar inji, da saman batir, da soson da ke manne a cikin bonet, da ramin safaya taya a but.

Wurin sharewa nake so ka fi kula, domin nan lafiyarka take. Fitsari da kashin ɓera suna ɗauke da cututtuka, daga ciki akwai zazzaɓin Lassa da hantabairos, wasu kuma ta shaƙar ƙurar busasshen kashin ake kamuwa. Saboda haka kada ka sa tsintsiya, kada ka sa injin zuƙar ƙura, kada ka hura da iska, kuma ka daina kunna fankar har sai an gama. Ka fitar da motar fili, ka buɗe ƙofofi da bonet da but kamar minti 20. Ka sa safar hannu ta roba da takunkumi. Ka haɗa bilic (ruwan wankin nan mai faranta kaya) kashi 1 da ruwa kashi 9, ka fesa a kan kashin da sheƙar har su jiƙe sharkaf, ka bari minti 5, sannan ka kwashe da tishu ka ƙulle a leda. Bilic yana cin launin yadi, don haka a kan kujera ka yi amfani da wani maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda ba ya ɓata kaya. Kafin ka fesa komai a wajen inji, ka cire kan batir. Tsohuwar filtar kuma ba ta wankuwa, sabuwa za ka sa. Wankewar nan tana da wani amfani: ɓera yana bin warin fitsarin ɗan'uwansa, in ba ka goge shi ba ka bar wa na baya hanya.

Sai tarko. Irin mai ɗanawa da ƙarfe wanda ke kashewa nan take nake nufi. Na gam ba na son sa, ɓeran yana daɗewa yana wahala a kai, yana ta fitsari a cikin motarka. Ka sa biyu a ƙasan kujeru, ɗaya a but, wasu a ƙasa jikin kowace taya, wasu kuma a bakin bangon da ke kusa, domin ɓera bango yake bi, ba ya son ratsa fili. Abin da za ka ɗana da shi ya zama ɗan kaɗan, mai maiƙo da ƙamshi, wanda zai manne, yadda ba zai fizge ya gudu ba. Ƙanana ba su da wuyar kamu. Manya kuwa suna tsoron baƙon abu, sai ka bar tarkon kwana biyu ko uku da abinci a kai ba ka ɗana ba, in sun saba sannan ka ɗana. Kowace safiya ka duba, kuma ka ƙirga tarkunan kafin ka tayar da mota.

Kada ka toshe kafa sai ka tabbata babu na ciki, in ba haka ba ka kulle shi ne ya mutu a can. In an yi mako ba kamu ba sabon kashi, ka sa a ɗaura raga ta ƙarfe mai ƙananan idanu a ƙofar iskar nan ta gindin gilashi, a kuma duba robobin da wayoyi ke bi daga inji zuwa cikin mota ko akwai wadda ta fita. Kafin ka kashe mota ka riƙa danna maɓallin da ke juya iskar ciki, a motoci da yawa yana rufe ƙofar iskar waje.

Za a ba ka shawarar man na'ana'a da kafur da na'urar nan mai fitar da ƙara don korar ɓera. Na gwada man, kwana kaɗan ƙamshin ya tafi. Na'urar suna sabawa da ita. Kafur kuwa guba ne a rufaffiyar mota, kai da iyalinka za ku shaƙa. Abin da na ga ya ɗan taimaka shi ne tef mai sinadarin yajin barkono da ake naɗe wayoyi da shi, kamfanin Honda ma yana sayar da irinsa.

Amma ni ban huta ba sai da na gyara inda nake ajiye motar. Akwai tarin katako da tsofaffin kwalaye a jikin bangon, ga kwandon shara taku uku daga taya. Na kwashe su, na nome ciyawar, na daina barin ko ledar abinci ta kwana a mota, kuma ko ba ni da wurin zuwa ina tayar da ita in zagaya duk bayan kwana biyu ko uku.

Abu ɗaya kada ka ɗaga shi zuwa gobe: ka kai wa mai gyaran waya ya haska fitila ya bi wayoyin inji da tiyon mai ɗaya bayan ɗaya. Wayar da aka gwaguye tana iya haɗuwa ta tayar da wuta, busasshiyar sheƙa a kan inji mai zafi kuma makamashi ce. In ka ga wata fitila ta kama a dashbod, ko fiyus yana yawan ƙonewa, ko kana jin warin fetur, kada ka hau titi da ita, ka kira shi ya zo inda take. Allah Ya tsare.