Amsa ga ƙanwata mai tambaya kan zaman mata a babbar zawiya

Assalamu alaikum. Ƙanwata, kin rubuto cewa mahaifinki yana so ya kai ki babbar zawiyar ɗariƙarsu ki zauna kina hidima kina karatu, kuma kina son sanin aikin da mata suke yi a can, da ko ana biyansu, da ko karatun yana samuwa da gaske. Na yi shekara tara a irin wannan gida a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, a ɓangaren mata na wata zawiyar Tijjaniyya, kuma abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Ranar 'yar hidima tana farawa kafin kiran assalatu. Bayan sallar asuba kowace mai ɗariƙa tana jan laziminta, istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, daga nan sai tsintsiya da bokiti. Wanda ya san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu ya san dalilin da ya sa ake cika randuna da duro tun rana ba ta ɗaga ba, musamman idan famfo ya ɗauke. Sai dama kunu, sai kai masakwa ko masara inji, sai ɗora manyan tukwane a kan murhu. Miyar da muka fi yi ita ce ta yakuwa, wadda a nan kowa ya fi sani da folere, da busasshen kifin Lagdo idan hali ya yi. Wahalar girkin zawiya ita ce ba a san adadin bakin da za su ci ba, domin mota tana iya tsayawa bayan isha'i ta sauke baƙi daga Yola ko Marwa ko Njamena, kuma abin kunya ne a ce baƙon Shehu ya kwana da yunwa. Saboda haka ba a taɓa kankare tukunya ƙarƙaf, kullum ana rufe wani abu a ajiye.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa madafa ce iyakar aikin mata. A gidan da na zauna, makullin sito yana ɗaure a bakin zanen wata dattijuwa da muke kira Goggo, kuma ko mudu ɗaya na shinkafa ba ya fita sai da saninta. Ba ta iya boko ba, amma ta riƙe lissafin buhunan da aka kawo hadiya a ka, har da garin da kowanne ya fito. Daga baya, da muridai suka fara turo hadiyar kuɗi ta waya, ta Orange Money, sai aka sa wata yarinya mai Faransanci ta riƙa zama kusa da ita da littafi da biro, kuma sau da yawa idan lissafinsu ya saɓa, na Goggo ne yake fitowa daidai. Akwai masu tafinta, domin mace tana iya zuwa da kukanta cikin Fulatanci ko Larabcin Shuwa, kuma akwai maganar da ba za ta iya faɗa wa namiji ba, sai ta faɗa wa uwargidan Shehu a ɗaki, ita kuma ta san yadda za ta isar. Sulhun aure da yawa a wannan ɗaki ake ƙulla shi kafin maza su ji labari. Akwai masu raka mai naƙuda asibiti da tsakar dare, akwai masu wankan gawar mata, akwai malamai mata masu biya wa matan aure Ahalari da Ishmawi da Iziyya bayan azahar. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa tura jajis, wato malamai mata da ta horar, su karantar da mata a ƙauyuka, kuma Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, wanda ya rasu a 1975, ya ba wasu mata muƙaddamanci, wato izinin shigar da mutane ɗariƙa.

Batun kuɗi kuwa, a inda na zauna babu albashi. Akwai ci da sha da sabulu, da turmin atamfa idan Sallah ta zo, da ɗan abin da baƙuwa za ta danƙa miki idan za ta tafi. Yawancinmu mun dogara ne da ƙaramar sana'a, ƙuli-ƙuli ko turaren wuta ko ɗinki, muna zuba adashi a tsakaninmu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne karatu, kuma saboda shi na zauna nake wannan dogon rubutu. Shekara biyu na farko ban wuce Ahalari ba, ba don kaina ba ya ja ba, sai don lokacin darasi ya yi daidai da lokacin tuƙin tuwon dare, kuma sabuwar zuwa ita ake fara kira. Idan na ce ina da karatu, sai a ce mini hidima ma karatu ce, albarka ake nema. Ban musa albarkar hidima ba, amma albarka ba ta koya wa mace hukuncin jinin haila ko yadda ake ƙabli da ba'adi. A watan Rabi'ul Awwal kuwa, idan Maulidi ya gabato, littafi sai ya yi sati uku a rufe, muna kwana muna gyaran shinkafa da yankan albasa, kuma tabon ƙunar man gyaɗa na wani Maulidi yana nan a hannuna na dama har yau. Ban samu sauƙi ba sai da mahaifina ya zo ziyara, ya ce in karanta masa inda na tsaya, ya ji har yanzu ina babin alwala. A ranar ya nemi ganin mai gidan cikin ladabi, aka cire ni daga girkin yamma kwana huɗu a mako, kuma kafin in bar gidan na sauke Risala.

Saboda haka ki roƙi Baba, tun kafin a ɗauki akwatinki, ya zauna da masu gidan a yanke lokacin da za ki riƙa zama gaban malama, a kuma san wadda za ta riƙe amanarki a cikin gida da wanda zai ɗauki nauyin magani idan kin kwanta ciwo. Ki je kuma ki kwana biyu ko uku tukuna, ba a lokacin Maulidi ba, ki tambayi 'yan matan da kika tarar littafin da suke kai da shekarar da suka fara shi.