Amsa ga 'yar uwar da kyanwarta ta daina shiga ɗaki

Sannu 'yar uwa. Na karanta tambayarki har sau biyu. Kin ce kyanwarki mai shekara 2, wadda a da a gefen ƙafarki take kwana, yau mako uku ke nan ta ƙi shiga ɗaki. Tana zuwa bakin ƙofa ta ci abinci, da kin miƙa hannu sai ta zille, in kuma kin samu kin shigo da ita sai ta tsaya jikin ƙofa tana kuka har a buɗe mata. Na ga wasu sun ce miki halin kyanwa ne kawai, ba ta da amana. Ni ban yarda da wannan ba. Na fi shekara 15 ina kiwon kyanwoyi, ban taɓa ganin wadda ta bar wurin kwananta haka siddan ba. Ruwa ba ya tsami banza. Tunda har tana zuwa ƙofarki, ba ke ta ƙi ba. Akwai abin da take gudu a cikin ɗakin, ko kuma abin da ke damunta a jikinta.

Ki zauna ki tuna ranar da abin ya fara, sannan ki tuna me ya sauya a gidan a wannan makon. Matsalar ita ce mu da ido muke duba ɗaki, ita kuwa da hanci da kunne take sanin wurinta. Wannan gogar kumatun da kike gani tana yi a ƙafar kujera da bakin ƙofa, ƙamshinta take shafawa, shi ne ke gaya mata nan gida ne. Idan aka yi fenti, ko aka sauya kujeru, ko aka fara goge ƙasa da sabon ruwan wanki mai ƙarfi, ko aka sa abin fesa ƙamshi, to an goge mata alamominta. Ƙamshin lemo ma yawancinsu ba sa so. Ta wajen kunne kuwa, ɗan Adam ba ya jin siririn sautin da ya wuce kilohaz 20 (ma'aunin kaifin sauti ke nan), kyanwa na ji har sama da 60. Wata na'urar lantarki wadda a wurinki shiru take, ita tana iya jin tana tsuwa dare da rana, musamman irin waɗanda ake sawa a soket don korar ɓeraye.

Bari in ba ki labarin tawa, don abin da kika faɗa ya yi kama da shi sosai. Wata fara ce mai baƙi a kunne, a hannuna ta girma. Rana ɗaya ta daina shiga falo. Sai ta zo ta tsaya a dokin ƙofa, ta miƙa wuya tana shinshina, kunnuwa sun kwanta baya, jela ta sauka ƙasa, sai ta juya. Na yi kwana goma ina ɗauko ta da ƙarfi ina rufe ƙofa, kuma har yau ina nadamar hakan, don ƙara mata tsoro na yi. Abin da ya fara ba ni haske shi ne kwanonta. Nakan bar mata abinci da dare a ciki, da safe in tarar an cinye tas, alhali ita a waje ta kwana. Sai na barbaɗa hoda a ƙasa ƙarƙashin tagar kicin da muke bari a buɗe. Da gari ya waye na ga sawu a kan hodar, manya, sun fi nata nesa ba kusa ba. Ashe wani muzuru ne ke shigowa. Da na ja kujera na durƙusa, na ga ɗigon fitsari ya bushe a jikin bango, kamar taƙi ɗaya da rabi daga ƙasa. Muzuru a tsaye yake fesa fitsari, jela sama, don ya nuna wurin nasa ne. Ni ban ji warin ba sai da na kai hancina kusa. Ita kuwa tun daga ƙofa take jin cewa an ƙwace mata ɗaki.

Na rufe tagar, na daina barin abinci da dare. Wurin fitsarin kuma kada ki wanke shi da abin da ke da amoniya, don warinsa na kama da na fitsari, yana jawo su su sake. Garin wanki mai cin datti da ruwan ɗumi na yi amfani da shi, na maimaita, na bar shi ya bushe. Sai da ta yi kusan mako biyu kafin ta sake hawa gadona.

Amma kafin ki bi sawun muzuru, ki duba jikinta. Kyanwa gwana ce wajen ɓoye ciwo, kuma idan ba ta da lafiya keɓewa take yi. Ki shafa ta a hankali daga wuya zuwa gindin jela, ki ji ko akwai kumburi mai zafi, domin cizon wata kyanwa yakan rufe a sama ya tara mugunya a ciki, kuma mai irin wannan ba ta son a ɗauke ta. Ki lura da yadda take fitsari. Idan tana yawan tsugunawa ɗan kaɗan ke fita, ko da jini, takan ɗauka akwatin yashin da take fitsari a ciki ne ke sa mata zafin, sai ta guje shi, ta guji ɗakin da yake ciki. Ga masu namiji a zauren nan, wannan ba abin jira ba ne: muzurun da ke yunƙuri fitsari bai fita, cikin kwana biyu ko uku yana iya mutuwa, a kai shi wurin likitan dabbobi a ranar. Kuma don Allah kada a ba kyanwa farasitamol, ko ɓari ne, kashe ta yake yi.

Sai ƙuma. Na taɓa samun wata da ta koma kwana kan katanga, in ta shigo sai ta bi ta kan kujeru da tebur, ba ta yarda ƙafarta ta taɓa darduma. Ƙwai da tsutsar ƙuma a darduma da shimfiɗa suke zama, ba a jikin dabbar kaɗai ba. Ki taje ta a kan farar takarda mai ɗan laima. In baƙaƙen ɗigo sun faɗo suka koma ja, kashin ƙuma ne. A nan sai an yi wa kyanwa da ɗaki magani tare, kuma ban da maganin karnuka, don wasunsu na da sinadarin fametirin da ke da guba ga kyanwa.

Ba ki faɗa ko an cire mata mahaifa ba. In ba a cire ba, wannan kaɗai ya isa. Mace mai neman barbara takan yi ta kuka da birgima tana neman fita, abin ya lafa ya dawo bayan mako biyu ko uku. In ta ɗauki ciki, wajen kwana 63 zuwa 65 take haihuwa, kuma in ta ga ɗakin da hayaniya za ta nemi lungu a waje. Ki duba nonuwanta da cikinta. Yana kuma yiwuwa wani maƙwabci ne ke ba ta abinci, wannan tambaya ɗaya ta raba gardama.

Wajen dawo da ita, abin da ya yi min aiki shi ne haƙuri da kwano. Ki riƙa ba ta abinci lokaci ɗaya kullum, da magariba ya fi, don a lokacin take jin yunwa da kuzari. Yau kwano a bakin ƙofa, gobe taku ɗaya ciki, jibi taku biyu, ƙofa a buɗe ko yaushe. Ranar da ta shigo kada ki yi wuf ki rufe, in kin yi haka kin koma farko. Ki zauna a ƙasa, ki kau da ido daga kanta, ki bar ta ita ta zo. Ki ajiye mata kwali da tsohon zaninki a wani wuri mai tudu, kamar saman kabad, inda yara ba sa kaiwa, don kyanwa ta fi samun natsuwa in tana kallon ɗaki daga sama. In kina da wata kyanwar a gidan, ki raba musu kwano, akwatin yashi kuma kowace da nata har da ƙari ɗaya.

Ki gaya mana ko akwai sabon jariri, baƙo ko wata dabba da ta shigo gidan a cikin watan nan, da kuma ko tana cin abincinta kamar da. In cin ya ragu ko ta rame, ki fara da likita kafin komai.