Tambayi Anti Nas: Me Ya Sa Ungozomar Asibitin Garinmu Ba Ta Zama?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti. A Jos nake aure, iyayena suna ƙauye. Duk ungozomar da aka turo ƙaramin asibitin garinmu sai ta yi 'yan watanni ta tattara kayanta. Ga ƙanwata da tsohon ciki. Girman kai ne na 'yan boko, ko me? Daga 'yarki a Unguwar Rogo.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sauki ƙanwarki lafiya.

Kada ki ɗauki alhakin yaran nan. A 2009 gwamnatin tarayya ta fara shirin tura ungozomomi karkara, wanda ake kira MSS. Tsarin a lokacin shi ne tarayya ta biya naira 30,000 a wata, jiha 20,000, ƙaramar hukuma ta ƙara 10,000 ta kuma ba da wurin kwana. A wurare da yawa kason jiha da na ƙaramar hukuma bai riƙa zuwa ba, ɗakin ma babu. Wadda aka turo budurwa ce ko sabuwar amarya, ba ta san kowa ba, wani lokacin yaren garin ma ba ta ji. Wa zai zauna?

Wadda ta daure kuma, an ba ta gona ne ba fartanya. Na karɓi haihuwa da fitilar waya a bakina saboda hannuwana biyu suna aiki. Allurar tsayar da jini, oksitosin, sanyi take so, firji kuwa ba wuta. Mace na iya rasuwa cikin awa biyu idan jini ya ɓalle bayan haihuwa. Ungozoma ba ta tiyata, ba ta da jinin ƙari. Abin da ke hannunta shi ne ta gane haɗari da wuri ta tura babban asibiti. To a wace mota, ƙarfe biyun dare, da damina? Mace ɗaya ta rasu a hanya, sai gari ya ce "wannan ba ta da hannu", shi ke nan an ƙaurace mata.

Mu ma da namu laifin. A al'adarmu mace kan yi naƙuda ita kaɗai a ɗaki, kunya ta hana ta ko nishi mai ƙarfi, musamman a haihuwar fari. Tsohuwar ungozoma sai an haihu ake kiranta, ta yanke cibi ta yi wanka. Ta asibiti ma sai a yi mata haka: ba a nemanta sai jijjiga ta fara ko mabiyiya ta maƙale, maigida kuma yana kasuwa, ba wanda zai ba da izinin fita. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti.

Akwai kwas na shekara 2 da ake ɗaukar 'yar gari, ta koyi aikin ta koma ta yi wa mutanenta. Wannan ya fi kama hankalina, muddin an ɗauke ta aiki bayan ta gama, ba a bar ta tana sa-kai ba. Ku kai wa mai gari maganar.

Ƙanwarki kuwa ba za ta jira wannan ba. Ta je awo a duba hawan jini da yawan jininta. Mijinta ya ba da izini tun yanzu, a gaban uwarsa, a ajiye kuɗin mai da lambar direba. In hanyar garinku ba ta da kyau, ki ɗauko ta Jos da ta shiga watanta.