Tambaya da Amsa: Dole sai na sauya madabod kafin gem ya daina sarƙewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Aboabo, nan Kumasi. Da kaina na haɗa kwamfutata: furosesa Ryzen 5 2600, madabod (babban allon da sauran kayan ke hawa) B450, RAM DDR4 gig 16, da katin girafik GTX 1660 Super. Yanzu in na shiga Warzone sai hoto ya riƙa sarƙewa, musamman inda 'yan wasa suka taru. Na ɗan tara kuɗi, abokina ya ce in fara da sayen babban madabod X670 mai fitilu, sauran kayan su biyo baya a hankali. Yaya ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Mayar da kuɗin nan aljihu tukuna. In ka bi shawarar abokinka, za ka dawo daga shagunan Adum da kwali mai kyau, ka buɗe, ka tarar babu abu ɗaya tsakanin furosesanka da RAM ɗinka da zai shiga cikinsa.

X670 na soket (mazaunin furosesa a kan madabod) AM5 ne, wanda kamfanin AMD, mai ƙera Ryzen, ya fitar a 2022. Naka furosesan na AM4 ne. A AM4 ƙananan alluran suna jikin furosesa, a AM5 kuwa suna cikin soket ɗin, don haka ko da guduma ba za su haɗu ba. Sannan AM5 ba ya karɓar DDR4 sam, sai DDR5. DDR4 da DDR5 duka ƙafa 288 gare su, tsawonsu ɗaya, amma yankan da ke tsakiya ba wuri ɗaya yake ba. Ka ga ranar da ka sayi wancan bod ɗin, ranar ka ɗaura wa kanka sayen sabon furosesa da sabon RAM. Babu wani "a hankali" a cikin lissafin.

Kuma shi madabod ba ya ƙara wa gem gudu. Kwalta ce, ba mota ba: in ta yi kyau motar ba za ta wahala ba, amma injin ne ke gudu. Ka ɗora furosesa ɗaya da katin girafik ɗaya a kan bod mai araha da mai tsada, muddin mai arahar yana ba da wuta yadda ya kamata, da wuya idonka ya ga bambanci. Abin da ƙarin kuɗin ke saya shi ne yawan ramukan M.2 (na saka ma'ajiyar SSD) da USB, da Wi-Fi, da ingancin sashen da ke raba wa furosesa wuta, sai kuma fitilun da suka ɗauki hankalin abokinka.

Sa'ar da ka yi ita ce B450. AM4 ya fito tun 2016, kuma AMD ta daɗe tana yi masa furosesa. Mafi yawan B450 suna ɗaukar Ryzen 5000 in an sabunta BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin bod ɗin wadda ke tayar da kwamfuta. Wannan sarƙewar da kake gani inda mutane suka taru, yawanci alamar furosesa ne ya gaji, don 2600 ɗan 2018 ne. Ka tabbatar da kanka: saka manhajar MSI Afterburner, mai nuna yawan aikin da furosesa da katin girafik ke yi, ka duba lokacin wasa. In aikin katin girafik yana ƙasa sosai da kashi 90 cikin ɗari alhali hoto na sarƙewa, jiran furosesa yake yi. Ryzen 5 5600 zai zauna a soket ɗinka, wat 65 yake ci kamar na yanzu, RAM ɗinka ma yana nan. In aljihu ya ƙara nauyi kuma ka samu 5700X3D, shi ne kusan ƙarshen abin da AM4 zai ba ɗan gem. Rarar kuɗin ka ajiye wa katin girafik.

Batun BIOS kuwa, nan nake so ka nutsu. Duba cikakken sunan bod ɗinka, yana rubuce a jikinsa, galibi kusa da dogon ramin katin girafik, har da lambar da ke bin "Rev" in akwai. Je shafin kamfanin, ka nemi jerin furosesan da yake ɗauka da lambar BIOS da kowanne ke buƙata. Karanta bayanin da ke gefe, don wasu sai an bi ta wani tsohon BIOS kafin a kai sabon. Ka yi sabuntawar tun tsohon furosesan yana ciki. In ka riga ka cire shi ka sa sabon, allo baƙi za ka gani. Kuma kada ka kuskura ka fara ba UPS, batirin nan mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Mintuna kaɗan ne aikin, amma in dumsor, wato ɗaukewar wuta, ya faɗo a tsakiyarsu bod ɗin na iya mutuwa. Masu maɓallin sabunta BIOS a baya, wanda ASUS ke kira BIOS Flashback, Gigabyte kuma Q-Flash Plus, suna iya farfaɗowa da filashi. Sauran galibi sai mai gyara ya rubuta wa ƙwayar BIOS ɗin da na'ura.

In kuwa ka ƙudura sai sabon gini, to fara zaɓen furosesa, shi zai faɗa maka soket. A AM5, B650 ya ishi ɗan gem. A ɓangaren Intel, soket LGA1700 na ɗaukar furosesan Core zubi na 12 da 13 da 14, kuma akwai B760 mai DDR4, wanda zai bar ka da RAM ɗinka. Sai dai soket ɗin ya zo ƙarshe, don Core Ultra 200S na 2024 ya koma LGA1851. Auna akwatinka: ATX milimita 305 da 244 ne, micro-ATX 244 da 244. Ni dai ba na sayen bod da babu ƙarfen sanyaya a kan sashen wutar da ke gefen soket, ga zafinmu, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. In na hannu za ka saya, haska cikin soket da tocin waya ka karkata shi. Allura ɗaya da ta lanƙwashe za ta yi ƙyalli dabam da 'yan'uwanta. Kada ka biya sai an kunna a gabanka, an gwada kowane ramin RAM. Kafin ka sauya kuma, haɗa lasisin Windows ɗinka da asusun Microsoft, don Windows na ɗaukar sabon bod a matsayin sabuwar kwamfuta.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa daga Asawase. Na saya wa ɗana kwamfutar ofis ta hom-yus, ƙaramar nan mai kwanciya. Ya ce in an sauya mata madabod za ta yi gem. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, ina amsawa, Allah ya raya yaro. Kada ki biye masa a wannan. Irin waɗannan na ofis, da yawa kamfanin kan yi musu bod da akwati da fawa saflai na kansu: ramukan ƙusa ba sa dacewa da na kasuwa, filogin wutar ma ba mai ƙafa 24 ɗin da aka saba ba ne, ƙarfin fawa saflai ɗin kuma sau da yawa bai kai wat 300 ba. A buɗe a duba: in har yanzu tsohuwar ma'ajiya ta "hard disk" ce a ciki, a sa SSD da ta fi ta sauri, RAM a kai shi gig 16, sannan a nemi gajeren katin girafik da ba ya buƙatar wata wayar wuta, kamar GTX 1650 ƙirar siririn akwati. Ya tafi da kwamfutar shagon, a gwada katin a rufe murfin a gabansa kafin a biya.