Kisra, Maguzawa da dara: amsoshin tambayoyinku

Wani ɗan'uwa daga Gusau ya ce: Malam, Kisran da ake faɗa a wa'azi sunan mutum ɗaya ne?

A'a. Kuma wannan abu ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, sai ka ji mai wa'azi ya ɗauko Kisran da aka haifi Manzon Allah (SAW) a zamaninsa ya haɗa da wanda ya yaga wasiƙar da Manzo ya aika masa ya dunƙule su mutum ɗaya, alhali kaka ne da jika. Asalin sunan Khusrau ne, bakin Larabawa ya lanƙwasa shi ya koma Kisra, daga nan suka riƙa kiran duk sarkin Farisa da shi kamar yadda suke ce wa na Rum Ƙaisar. Kakan shi ne Anushirwan, wanda ake yabo da adalci, ya yi mulki daga 531 zuwa 579. Jikan kuwa Khusrau Farwiz ne, 590 zuwa 628, shi ne ya ƙwace Ƙudus a 614 ya kutsa har Masar, wannan kashin da Rumawa suka sha shi ne farkon Suratur Rum ke magana a kai, sai Hiraƙla sarkin Rum ya rama a 627 kusa da Ninawa, shekara na zagayowa ɗan Khusrau na cikinsa ya sa aka kashe uban. Dukkansu ƴan gidan Sasan ne, daular da Ardashir ya kafa a 224 ta ruguje a 651, kuma ita ce auta a daulolin Farisa na kafin Musulunci, kafin ita akwai Fartiyawa, kafin su akwai gidan Kurush wanda ya ci Babila a 539 kafin haihuwar Annabi Isa. Fadar ƴan gidan Sasan tana Mada'in a bakin kogin Dijla, kudu da Bagadaza, har gobe bakan soron nan na jan bulo yana tsaye, tsayinsa ya haura mita 30, an rufa shi ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Mutanen Borgu, su Bussa da Nikki da Illo, suna cewa sarakunansu daga Kisra suka fito, labarin kaka da kakanni ne ina girmama shi, amma kar a zo min da shi a matsayin hujjar da aka rubuta.

Wata Hajiya daga Katsina: da gaske Maguzawa daga majusu aka samo?

Mafi yawan masana haka suka tafi, nima can na karkata. Majusu su ne mabiya Zaradasht, addinin sarakunan Farisa, masu wutar ibada da ba a bari ta mutu. A fiƙihu ana karɓar jiziya a hannunsu a bar su da addininsu, to malamanmu na da sai suka ɗora wannan suna a kan Hausawan da ba su musulunta ba. Suna ne na hukunci ba na jini ba, Bamaguje bai zo daga Farisa ba, don Allah a daina yaɗa wannan.

Wani ɗalibi: “dara ta ci gida” tana da alaƙa da sarki Dara?

Ko kusa. Sarki Dara na Farisa ya hau gado a 522 kafin Annabi Isa, darar mu kuwa ta ramuka ce a ƙasa da ƴan tsakuwa ko tsinke, kama ce kawai ta sauti. Karin maganar ana yin ta ne in mutum ya ƙulla wa wani abu sai ya faɗa kan nasa.

Firdausi fa, Larabci ne? Ta Larabci ta iso mana, amma tushenta tsohon Farisanci ne, lambu mai katanga.

Wanda ya tambaya ko Farisa ita ce Faransa: Farisa ita ce Iran, tun 1935 ta nemi ƙasashen waje su kira ta haka, kuma mafi yawan mutanenta ba Larabawa ba ne.